Masu haki na Agiye, Gazawa da Gidan Rumji: tukunyar oksijin ko tafiyar ƙafa?

Ga jawabin da ɗaya daga cikin ma'aikatan wannan jarida ya yi a Maraɗi, gaban taron ƴan kasuwa da ma'aikatan gomnati ƴan asalin waɗannan gundumomi uku. Gaishe-gaishen farko kawai muka taƙaita.



Da aka ce zan yi magana a gabanku, na san da yawa sun zaci zancen farashin aya zan tayar, ko na duwan da patanti, ko na albashi, tunda nan aka saba jin bakinmu mu ƴan jarida. Yau zancen numfashi na kawo muku. Ni ba likita ba ne. Wata lalura ta cikin gida ce ta tilasta mini karatu da yawon tambaya, kuma abin da na tarar ya yi mini nauyin da ba zan iya riƙe shi ni kaɗai ba.

Ina da gwaggo, ƙanwar mahaifina, a wani ƙauye arewa da Agiye. Shekara fiye da talatin tana tuyar ƙosai da safe, tana matsar mai da ƙuli-ƙuli da rana, cikin ɗakin girki mai ƙofa ɗaya, da kara da itace. Ba ta taɓa sa taba a baki ba. Tarin fuka ya kama ta, ta sha magani wata shida ba fashi, aka auna majinarta aka ce ta warke, aka rubuta a takarda. Amma tsakanin gida da rijiya sai ta zauna sau biyu. Wasu suka ce tsufa ne, alhali ba ta kai sittin ba. Wasu suka fara raɗa zancen sammu. Wani hunturu numfashinta ya sarƙe, aka kai ta asibiti, aka sa mata roba a hanci, cikin dare ɗaya ta dawo hayyacinta. Ƴaƴanta maza suka ga abin da idonsu, suka zauna suka yanke shawara: za su sayar da gona ɗaya su saya mata injin oksijin, ta huta a gida. Suka kira ni, ni ɗan boko, in gaya musu inda ake saye. Na roƙe su su ba ni mako biyu kafin a kira dillali.

Bari in fara da abin da muka koya a lakwal muka manta. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 ne kawai oksijin; kusan duk saura azot ne, mai shiga ya fita bai yi wa jiki aikin komai ba. Huhu kamar soso yake, cike da ƙananan jakunkuna miliyoyi, kowace da siraran jijiyoyin jini kewaye da ita. Nan oksijin ke ratsawa ya shiga jini, nan kuma gurɓatacciyar iska, gaz karbonik, ke fitowa. Akwai wata ƙaramar na'ura da ake maƙala wa yatsa, ma'aikatan lafiya na ce mata satirometir, wadda wani injiniya ɗan Japan, Takuo Aoyagi, ya gano dabararta a farkon shekarun 1970. Tana nuna yawan oksijin da jini ya ɗauka. Lafiyayyen mutum yakan nuna 95 zuwa sama. Wanda yake zaune, ba ya aikin komai, ba ya cikin tashin ciwo, kuma yana nuna 88 ko ƙasa da haka, wannan jininsa na cikin yunwa. Ku riƙe mini waɗannan lambobi biyu, za mu dawo gare su.

Me ke lalata huhun mutanenmu? A Turai, in an ce ciwon toshewar huhu mai daɗewa, wanda likitocinmu ke rubutawa BPCO, taba ake nufi. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce ciwon ya kashe mutum miliyan 3.5 a 2021, kuma a ƙasashe masu arziki taba ce ke jawo fiye da kashi 70 cikin 100 nasa, amma a ƙasashe irin namu kashi 30 zuwa 40 ne kawai. Saura fa? Babban rabo na hayaƙin murhu ne. A gundumar Masindi ta ƙasar Yuganda, karkara irin tamu, an sa mutane ƴan sama da shekara 30 sun busa na'urar awon huhu, aka buga sakamako a 2015: kashi 16 cikin 100 na da ciwon, mata kuwa ba su gaza maza ba, ga shi yawancinsu ba su san ɗanɗanon taba ba. Mu ƴan Agiye muna alfahari, kuma da gaskiyarmu, cewa manomanmu sun dawo da itatuwa cikin gonaki ta hanyar sassabe mai barin toho, har baƙi na zuwa Ɗan Saga daga nesa su gani. To amma reshen da aka sara yana ƙarewa ne tsakanin duwatsu uku, hayaƙinsa kuwa a ƙirjin mata da goyon da ke bayansu. Matatar SORAZ ta Damagaram tana fitar da gaz tun 2011, birane sun fara girki da shi. Ƙauye har yanzu kara da itace ne abincin wutarsa.

Sai ƙura. Ta hunturu, wadda iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ba mu da iko da ita. Amma akwai ta sussuka da shiƙa, akwai ta tankaɗen ƙasa lokacin tonon aya, wadda duk wanda ya ratsa gonakin Caduwa da kaka ya gani tana tashi kamar gobara. Akwai kuma wadda ta fi su sharri, ƙurar dutse. Tun da aka gano zinariya a Jado da Cibarakatan a 2014 samarinmu ke tafiya, sannan ga ta Ɗan Isa a nan kusa, inda rami ya rufta a watan Nuwamba na 2021 ya kashe mutum 18 aƙalla. An ƙidaya waɗanda rami ya binne. Wanda ya daka dutse a bushe, ya shaƙi garinsa shekara biyu ko uku, ya dawo gida da babur da tari, huhunsa na ƙanƙancewa sannu a hankali, shi ba ya cikin lissafi.

Na uku shi ne tarin fuka, kuma a nan ƙasarmu tana da abin faɗa. Tun 2008 likitocin Nijar, tare da ƙungiyar Damien, suka gwada magani na gajeren lokaci ga tarin fuka mai taurin kai, wanda a da sai an yi shekara biyu ana fama. A rahoton da suka buga a 2014, cikin majinyata 65, 58 sun warke. Wannan aiki yana cikin hujjojin da suka sa OMS ta amince da gajeren maganin a 2016. Abin yabo ne. Sai dai kashe ƙwayar cuta daban, gyara ɓarnar da ta bari daban. An ƙiyasta cewa a 2020 akwai mutum miliyan 155 a duniya da suka yi tarin fuka suka rayu, kuma bincike da yawa ya nuna kusan rabin irinsu na fita da tabo a huhu. Rajistar asibiti tana rufe shafin mutum ranar da aka rubuta "ya warke". Gwaggona tana cikin waɗanda aka rufe shafinsu.

Kada a ce na ce kowane haki na huhu ne. Akwai na zuciya, har da wanda ke kama mata bayan haihuwa, ciwon da likitocin Zariya da na Yamai suka daɗe da bayyanawa a ƙasar Hausa. Akwai na ƙarancin jini. Akwai asma, wadda maganin shaƙa ke kwantarwa. Tarin da ya wuce mako biyu kuwa, awon majina ne farko kafin kowane zance. Wanda nake magana a kai shi ne wanda aka duba, aka tabbata huhu ne, kuma ba sabon ciwo ke cinsa ba.

Irin wannan majinyaci, abin da ke kayar da shi yakan fara ne daga tausayinmu. Yana tafiya ya yi haki, hakin ya ba shi tsoro, ya rage tafiya. Mu kuma mu ce: zauna, Inna, bari yara su ɗebo, kwanta, Baba, za a kawo maka. Cikin ƴan makonni tsokar cinya da ta ƙwauri ta saki. Tsoka mai rauni kuwa tana gajiya da wuri, tana tilasta wa ƙirji ya ja iska fiye da da saboda aiki iri ɗaya. Tafiyar da a bara ke sa haki a ƙofar masallaci, bana sai ta sa shi a ƙofar zaure, baɗi a bakin ɗaki. Huhun bai ƙara lalacewa haka da sauri ba. Ƙafafu ne suka mutu a tsaye. Daga nan sai kaɗaici, sai baƙin ciki, sai mutum ya daina zuwa suna da jana'iza, a fara mantawa da shi yana da rai.

A shekarun 1960 wani likita a birnin Denver na Amurka, Thomas Petty, da abokan aikinsa suka juya al'amarin: maimakon hutu, horo. A tara masu haki sau biyu ko uku a mako, mako shida zuwa takwas, a sa su tafiya gwargwadon ƙarfinsu ana ƙarawa kaɗan-kaɗan, a sa su tashi da zama bisa kujera, su ɗaga abu mai ɗan nauyi, a koya musu jan iska ta hanci da fitar da ita a hankali ta tsukakken baki kamar mai hura kunu mai zafi, da jingina gaba, hannu bisa gwiwa, in numfashi ya ƙure. A koya musu kuma cewa haki matsakaici, wanda mutum ke iya faɗin gajeriyar magana a cikinsa, ba ya kisa. A 2015 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta tattara gwaje-gwajen likitanci ne, ta haɗa gwaji 65 na mutum 3,822, ta ce amfanin wannan horo ya tabbata har ba sauran buƙatar a ci gaba da tambayar ko yana aiki. Huhun da ya lalace ba ya tohowa, wannan gaskiya ne. Abin da ke sauyawa shi ne tsoka, da dabarar numfashi, da tsoro. Kuma kada a ce sai da injinan Turai: a asibitin Mulago na Kampala an yi wa waɗanda suka warke daga tarin fuka irin wannan horo na mako shida da kayan da ke hannu, aka buga sakamako a 2017, tafiyarsu ta ƙaru, ciwon ƙirji ya ragu.

Yanzu ga tambayar da ƴaƴan gwaggona suka ɗora mini, wadda ita ce zuciyar zancen. Ina matsayin oksijin a cikin wannan?

Akwai waɗanda oksijin ke ƙara wa kwana, da izinin Allah, kuma an san su tun tuni. A Ingila, a gwajin da aka buga a 1981, an ɗauki mutum 87 masu tsananin ƙarancin oksijin ko suna zaune. An ba 42 oksijin awa 15 kowace rana, 45 ba a ba su ba. Bayan shekara biyar, 19 sun rasu a rukunin farko, 30 a na biyu. Wani gwajin Amurka na 1980 mai mutum 203 ya nuna hanya ɗaya. Waɗannan su ne masu 88 zuwa ƙasa a zaune. A gare su oksijin magani ne na kullum, kuma sai an daɗe da shi a hanci. Shaƙar minti goma in an ji haki ba ta cikin abin da aka gwada. A 2024 likitocin Suwidin suka ƙara haske: awa 24 ba ta fi awa 15 amfani ba, don haka majinyaci na iya cire roba ya fita cikin mutane.

Amma yawancin masu haki ba haka suke ba. A zaune suna nuna 92, 93, 94. Sai sun tashi tafiya lambar ke sauka. Hankali yana cewa: to, a ba su oksijin lokacin tafiyar, su ƙara ƙoƙari. Likitoci ma haka suka ɗauka shekara da shekaru. A 2016 aka buga wani babban gwaji na Amurka, mutum 738 masu matsakaicin ƙaranci a zaune ko masu sauka lokacin tafiya, rabi da oksijin a gida, rabi babu, aka bi su shekara ɗaya zuwa shida. Ba a ga bambanci ba a mutuwa, ko kwanciya asibiti, ko jin daɗin rayuwa.

Gwajin da ya fi ba ni mamaki shi ne na Ostareliya, wanda Farfesa Jennifer Alison ta jami'ar Sidni ta jagoranta, aka buga a 2019. Mutum 111 masu BPCO, dukansu lambarsu na sauka ƙasa da 90 in suna tafiya. Aka sa su horo sau uku a mako har mako takwas, kowa da roba a hanci haɗe da inji. Rabin injinan na ba da oksijin lita biyar a minti. Rabin kuwa an gyara su a ɓoye, iskar ɗaki kawai suke hurawa. Majinyaci bai san nasa ba, mai horar da shi ma bai sani ba. Da aka kammala, rukunin biyu duk sun ƙaru a juriya da jin daɗin jiki, kuma masu oksijin ba su fi masu iskar banza ba. Wato abin da ya yi aikin shi ne tafiyar. Ranar da na karanta wannan na buga wa babban ɗan gwaggona waya na ce kada ya taɓa gonar nan.

A nan sai in ja kunnen shugabannin ma'aikatu da ke zaune a gaba, domin na san halin ofis: da an ji labarin da ke rage kashe kuɗi, sai a rungume shi a manta da sharuɗɗansa. Mutanen Ostareliya tsofaffi ne da yawanci taba ta lalata wa huhu, kuma an ware masu tsananin ƙaranci tun farko, ba su cikin gwajin. Namu majinyatan akwai masu tabon tarin fuka, akwai masu huhun da ƙurar dutse ta ƙanƙance, kuma huhu mai tabo lambarsa kan faɗi ƙasa warwas da an motsa. A Ingila, a 2018, gwaji kan masu ciwon ƙanƙancewar huhu ya nuna cewa ɗaukar ƙaramar tukunya lokacin zirga-zirga ya rage musu haki ya kyautata rayuwarsu. Akwai kuma wanda ba zai iya ko fara horon ba sai da taimakon oksijin. Saboda haka wurin horo na buƙatar inji, amma inji ɗaya na iya yi wa mutum da yawa, kowa a lokacinsa, kuma awo ne ke nuna mai buƙata. Awon nan ba asiri ba ne: fili mai tsawon mita 30, agogo, na'urar yatsa, a ce wa mutum ya yi ta kai da kawowa minti shida, a rubuta nisan da ya ci da inda lambarsa ta sauka.

Na'urar yatsan ma tana da nata aibi, kuma ya shafe mu kai tsaye. A 2020 likitocin jami'ar Mishigan suka nuna cewa a kan baƙar fata takan ƙara lamba: majinyata baƙaƙe da na'ura ta ce lafiya alhali jininsu na cikin ƙaranci sun kusa ninka farare sau uku. Yatsa mai sanyi, da baƙin lalle, da fentin farce, duk suna rikita ta. Majo mai hankali yana duba na'ura, yana duba mutum.

Ku ƴan kasuwa ne, bari mu yi lissafi. Babbar tukunya, irin wadda sai ƙarti biyu ke ɗagawa, tana ɗaukar wajen lita 6,800. A lita biyu a minti, awa 57 ke nan; a awa 15 kowace rana, ba ta cika kwana huɗu. Kowane kwana huɗu sai an ɗora ta a mota ko amalanke an kai inda ake cikawa an dawo, da damina da rani, daga Gangara ko Saye Sabuwa ko Gidan Sori. Injin tace iska kuwa, wanda ke jan iskar ɗaki ya riƙe azot ya saki oksijin, ba ya ƙarewa, amma yana cin wuta wajen wat 350. A awa 15, ya haura kilowat biyar a rana, fiye da 150 a wata; kowa ya duba takardar wutarsa ya ninka. Wannan in akwai wutar. A ƙasar nan wajen mutum ɗaya cikin biyar ke da lantarki, a karkara abin ya fi haka ƙaranci nesa ba kusa ba. Abin takaici, a Gazawa ne layin wuta mai ƙarfin kilovolt 132 da ya taso daga Katsina ke rabuwa, reshe ya nufi Maraɗi, reshe ya nufi Damagaram, wayoyin na ratsawa bisa ƙauyukan da ke kwana da tocila. Kuma duk mun ga abin da ya faru a farkon Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar saboda takunkumin CEDEAO, har sai bayan ɗage shi a Fabrairun 2024. Wanda numfashinsa ke rataye da soket a watannin nan, siyasar manya ta shiga har cikin ƙirjinsa. Ƙara da zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40, da ƙurar da ke toshe matatar inji cikin ƴan kwanaki.

Ga kuma gaskiya mai ɗaci: oksijin da ke akwai bai ishi masu buƙatar gaggawa ba. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya bayyana a Fabrairun 2025 cewa a Afirka kudu da Sahara, cikin mutum goma da ke buƙatar oksijin a asibiti, tara ba sa samu. Jariri da aka haifa bai yi kuka ba, yaro mai ciwon haƙarƙari, mace mai zubar jini, su ne a gaban layi, kuma babu mai imani da zai ce a ɗauke musu. Saboda haka ne ma ya wajaba a san wanda horo kaɗai ya ishe shi, domin kowace lita ta je inda take ceton rai.

A watan Mayun 2023 babban taron OMS a Janeba ya zartar da ƙudurori biyu a zama ɗaya, ɗaya kan wadata asibitoci da oksijin, ɗaya kan shigar da aikin farfaɗo da majinyata cikin tsarin lafiya. Ƙasarmu memba ce. Mun saba da irin waɗannan takardu: an yi na Bamako a 1987, an yi na Abuja a 2001 inda shugabanni suka yi alkawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi. An haife ni a shekarun taron ƙasa, na girma ina jin alkawari daga kowace tuta. Ba na musun abin da aka yi: kyautar magani ga yara ƴan ƙasa da shekara biyar tun 2006, da rage rabin kuɗin asibiti daga Satumban 2024, duk sun sauƙaƙa wa talaka. Sai dai ragi yana amfani ne a kan aikin da aka shirya. Wanda ba a shirya ba, ko kyauta aka ce, ba mai samunsa.

Abin da nake roƙo bai kai kuɗin mota ɗaya ta ofis ba. Kowane CSI ya kasance da na'urar yatsa mai aiki, da baturanta, a auna babba kamar yadda ake auna yaro. Duk wanda ya gama maganin tarin fuka, kafin a rufe shafinsa, a sa shi tafiyar minti shida. A Agiye, da Gazawa, da Gidan Rumji, a samu rumfa ɗaya mai inuwa, da benci, da gorunan ruwa a madadin ƙarafan ɗagawa, da inji ɗaya mai aiki da hasken rana, da ma'aikaci ɗaya da kine ya horar, safiya biyu a mako, ɗaya ta dace da ranar kasuwa tunda ranar ce motoci ke fitowa daga ƙauye. Mata su samu lokacinsu da mace mai kula da su, in ba haka ba mazajensu ba za su bar su ba, ku ma kun sani. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo tana da sashen koyon likitanci a nan Maraɗi; ɗalibanta na neman abin rubuta kundin kammala karatu, ga shi a ƙofar gida, su auna mutanenmu su faɗa mana abin da ya dace da huhun Bahaushiya mai tuya, kada mu dawwama muna aron na tsohon Bature mai taba.

Alhazai, ku kuma ga naku. Kun gina masallatai, kun haƙa rijiyoyi, Allah ya saka. In niyyar sadaka da inji ta zo, ku tambayi likita kafin ku yi oda daga Kano ko Dubai ko Sin. Akwai ƙananan injina masu araha da kyan gani, waɗanda da an buɗe su sosai abin da suke fitarwa bai fi iskar ɗaki da yawa ba. Ƙa'idar OMS ita ce inji ya ba da oksijin sama da kashi 82 cikin 100 a kowane buɗi, ya kuma jure zafin digiri 40. Ku haɗa da matatun canji, da na'urar daidaita wuta, da kuɗin mai gyara na shekara biyu. Inji marar waɗannan, bayan hoton ranar miƙawa, ɗakin ajiya yake komawa. Kada kowa ya kai wa majinyaci tukunyar masu walda. Kada a kusantar da oksijin ga murhu, ko fitila, ko taba, ko man shafawa, domin yana mayar da tartsatsi gobara. Kuma kada ɗan jinya ya murɗa inji da kansa don ya ga numfashi ya yi wuya. A tsibirin Tasmaniya an gwada wannan cikin motocin ɗaukar marasa lafiya, aka buga a 2010: masu BPCO da aka buɗe wa oksijin ba awo, tara cikin ɗari sun mutu; waɗanda aka daidaita wa tsakanin 88 da 92, biyu cikin ɗari. Yawansa na sa gaz karbonik ya taru a jinin irin waɗannan majinyata, mutum ya yi ta barci, dangi na murna ya samu sauƙi.

Gwaggona, da muka kai ta aka auna, a zaune 94 take nunawa, a ƙarshen minti shida 89. Likita ya duba zuciyarta, ya sake awon majina, ya ce ba ta cikin masu buƙatar inji a gida, ya rubuta mata maganin shaƙa, ya kuma faɗa mana alamun da in an gani a tsaya a kawo ta: ciwon ƙirji, jiri, jini a tari, zazzaɓi, kumburin ƙafa. Da yake babu rumfar da nake roƙo, jikarta ƴar lakwal ce ta zama mai horarwa, da agogon waya. Kowace safiya bayan rana ta ɗan ɗaga, in ba ƙura, daga ƙofar gida zuwa gindin gawo su dawo. Mako na farko sau biyu, yanzu sau bakwai. Makon farko ta zage ni, ta ce ɗan ɗan'uwanta ya hana a saya mata inji ya sa ta aikin soja. An fitar da murhu tsakar gida, surukarta ce ke tuya, ita tana karɓar kuɗi daga inda iska ba ta kawo hayaƙi. Haki bai rabu da ita ba, kuma hunturu mai zuwa yana ba mu tsoro. Amma rijiya yanzu zama ɗaya take yi a hanya, kuma gonar bana gero aka shuka a cikinta.

Na ga akwai ma'aikatan lafiya a cikinmu. In na yi kuskure a lamba ko a suna, ga lasifika, su gyara mini a gaban jama'a.